Sisin da Mama ta Jefar

Ku yi mini haƙuri tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba. Karatu kawai na iya, shi ma a lungu, can bayan kantar littattafai inda ba mai ganina. Na sha ɗaukar biro in ajiye. In kun ga na yi tuntuɓe a tsakiya, ku tsallake wurin, ba zan ji haushi ba.

Sunana Edie Larwood. Babana, Clive, mai gyaran famfo ne, amma in ka tambayi kowa a ƙauyenmu cewa zai yi, "Au, mai sandar nan?" Sandar ita ce na'urarsa ta gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Da zarar an girbe sha'ir, shi da amininsa Desmond, wanda na tashi ina kira Kawu Des, sai su shiga gonakin mutane da izinin masu su, abin sauraro a kunne, suna share ƙasa da sanda hagu da dama kamar masu neman allura. Sun tono maɓallai, da ƙararrawar doki, da kuɗin azurfa na sarakunan dā, sirara kamar farce. A cikin ƙungiyarsu ba wanda ya kai Baba kunne. Yakan ce kowane ƙarfe da muryarsa. Baƙin ƙarfe gurnani yake yi, gwangwani kakari, amma azurfa siririyar murya gare ta mai tsabta, kamar an taɓa kofin gilashi da cokali.

Akwai wani abu da masu wannan sha'awa kan yawan tonowa: sisi da aka lanƙwasa sau biyu, gefe ɗaya sama, gefe ɗaya ƙasa. A dā in saurayi yana son yarinya haka yake lanƙwasa sisinsa ya miƙa mata. In tana so ta ajiye. In ba ta so ta wurga shi cikin gona. Shi ya sa Kawu Des kan ce duk wanda ka tono, wani bawan Allah ne aka ce wa a'a.

Haka Baba ya nemi auren Mama. Ya ɗauki sisin kakarsa, azurfa tsantsa mai kan sarauniya Biktoriya, ya lanƙwasa, ya huda, ya sa a sarƙa. Mama ta ajiye. Tun da na buɗe ido a wuyanta nake ganinsa, yawanci a cikin riga.

Ina da shekara takwas ta jefar da shi. Ranar bikin ƙauye ce, wanda ake yi kowace shekara a gonar Gotts, da tantuna da masu kiɗa da gasar wanda kabewarsa ta fi girma. Ranar ta zo daidai da zagayowar ranar aurensu, Baba kuma ya yi alkawarin zai bar sandar a gida. A bayan mota ya ɓoye ta. Wuni guda Mama na zaune a kan damin ciyawa da kofi biyu a hannu, shi yana can gefen shinge yana nuna wa baƙi yadda ake jin muryar azurfa. Da yamma ta tashi, ta je har gabansa, ta cire sarƙar.

"Tunda abin da ke ƙarƙashin ƙasa kaɗai idonka ke gani, ga shi nan," in ji ta. Ta wurga shi da iyakar ƙarfinta cikin doguwar ciyawar bayan tanti. "Ran da ka samo shi ka kawo mini, in dawo."

Mutane suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne. Baba ma ya yi dariya.

"Ba ni rabin awa, Lorna," ya ce.

Washegari Mama ta tafi garin Cromer wurin yayarta. Ba su rabu a kotu ba, ba kuma wanda ya sake aure. Ni na zauna da Baba saboda makaranta, ina zuwa wurinta lokaci-lokaci. Rabin awar Baba ya zama shekara goma.

Matsalar gonar Gotts ita ce bikin nan. Tun zamanin kakanni ake shan lemo da giya a wurin, ƙasar cike take da ɗan zoben nan da ake ja a buɗe gwangwani. Ko'ina ka sa sanda sai kakari. Don haka Baba ya zauna ya saita na'urarsa ta yi shiru a kan duk wani tarkace, kada ta yi kuka sai ta ji azurfa. Kowace Lahadi yana can. Ya samo sulalla, ya samo taro, har lanƙwasassun sisi na mutanen da suka daɗe da mutuwa ya samo. Nasa dai shiru.

A farkon bazarar bana ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A ɗakin girki na same shi, a ƙasa, buta na ta tafasa. Da aka sallamo shi daga asibiti sai muka sa masa kujera a bakin taga. Kalmomi kaɗan suka rage masa, su ma da ƙyar suke fitowa. Mama ta je asibitin sau ɗaya, ta tarar yana barci, ta ajiye inabi ta tafi.

Mutane suna ta ce mini, "Sannu Edie, kina ƙoƙari." Ni ban san ina ƙoƙari ba. Ina dafa dankali, ina ba shi magani, ina goge masa baki. In na buɗe littafi sai in wuni a shafi ɗaya. Ban yi kuka a asibiti ba, ban yi a gida ba. Ji nake kamar an naɗe ni da bargo mai kauri, ana yi mini magana daga waje.

Ran wata Juma'a Kawu Des ya shigo, bai ko goge takalmi ba.

"Clive, tsohon banza, har yanzu kana nan kana cin abincin yarinya a banza?"

Baba ya ɗaga masa yatsu biyu na hannun hagu. Zagi ne, shi ne kuma gaisuwarsu tun suna samari.

Kawu Des ya zauna, ya cire hula, ya yi ta juya ta a gwiwa. "Gotts ya sayar da gonar," ya ce. "Gidaje za a gina. Ran Litinin katafila za ta shiga, su kwashe ƙasar saman gaba ɗaya."

Baba ya juya kai a hankali zuwa lungun ƙofa inda sandar take jingine tun ranar da ya faɗi. Bakinsa ya yi ta motsi.

"La... hadi," ya ce. Ni yake kallo.

"Haba Clive," in ji Kawu Des. "Wannan? Wannan da ko shebur ba ta san ta ina ake riƙewa ba? In da a cikin littafi aka binne shi, da tuni ta tono."

"Zan je," na ce. Ba don ina sa rai ba. An ce in je ne, kuma ba ni da dalilin ƙi.

Ran Lahadi da safe maƙwabciyarmu ta zo ta zauna da Baba, Kawu Des ya ɗauke ni a motarsa ta kaya. Ana yayyafi. An riga an kafa turaku masu jan ƙyalle a gonar, an ajiye katafilar a bakin ƙofa. Batirin sandar ya mutu, na sa sabo. Da ta ƙi kamawa sai na danne maɓallin na riƙe, har ta yi wata doguwar ƙara, duk rubutun fuskarta ya ɓace ya dawo.

Kawu Des ya leƙo. "Me kika yi?"

"Kunna ta na yi."

"Kunnawa? Kin goge ta, yarinya! Kin mai da ita yadda ta fito daga shago. Saitin da ubanki ya yi shekara goma yana gyarawa, kin share shi da yatsa ɗaya!" Ya dafe kai. "Ni kuwa ban san kan irin tasa ba. To, Allah ya ba da sa'a. Yau za ki ji kiɗa."

Na kuwa ji. Ina sa abin a kunne, ƙasa ta fara ihu. Gurnani, kakari, tsuwa, duk a haɗe. Ban iya bambance ko ɗaya ba, don haka duk inda ta yi kuka sai in durƙusa. Kawu Des ya nuna mini yadda ake yanka ciyawa gefe uku a buɗe ta kamar murfi, a tona, a mayar da ƙasa, a rufe a taka. Ya ce ko gobe za a rushe duniya, mai sanda ba ya barin rami a buɗe a gonar mutum.

Zoben gwangwani. Wani zoben. Ƙusa. Murfin kwalba. Zobe kuma. Kafin azahar aljihun rigar ruwana ya cika yana kacau-kacau. Gwiwoyina sun jiƙe, na san da sanyi, amma sanyin kamar a jikin wata yake.

Muka zauna a bayan mota, ya zuba mana shayi daga filas, ya raba burodi da cuku.

"Kin san me za ki yi da waɗannan?" ya ce yana nuna aljihuna. "Ki yi wa wanda za ki aura sarƙa. In ya ajiye, to da gaske yake."

Na yi murmushi don ya ji daɗi.

"Ni ma na share wurin nan, Edie," ya ce, muryarsa ta sauka. "Ba sau ɗaya ba. Duk ƙungiya mun taɓa yin layi muka bi shi taku-taku. Babu azurfar da ta rage a bayan tantin nan. Ina jin hankaka ne ya ɗauke tun a daren. Ki dai yi abin da za ki gaya masa kin yi."

Na koma. Can wajen la'asar, kusa da shinge, a wurin da ciyawa ta kwanta saboda yawan takun Baba, sandar ta yi wani kakari maras daɗi, irin wanda na riga na tona ya fi a ƙirga. Na yanka, na buɗe, na sa yatsa. Ba zurfi. Wani abu ne ja-ja kamar tsatsa, a lanƙwashe sau biyu, da huda a sama, da ɗan guntun sarƙa a maƙale.

"Kawu," na kira.

Ya zo da sauri har yana santsi. Ya karɓa, ya duba, sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Duk da haka ya yi abin da suke yi. Ya ciro takardar cakulan mai ƙyalli, ya tofa yawu, ya naɗe sisin a ciki, ya murza, ya kai hanci. In azurfa ce warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi.

"Ko alama," ya ce. "Ba ma sai na shinshina ba. Azurfa da fuskarta take fitowa daga ƙasa, ba ta yin ja haka. Wannan na baya-bayan nan ne, bayan an daina sa azurfa a kuɗi. Tagulla ce da farin ƙarfe. Na ubanki Biktoriya ce, ni na riƙe masa filaya ran da ya lanƙwasa ta. Wannan wata ce daban ta ce wa wani a'a." Ya miƙo mini. "Yi haƙuri, 'yata."

Na goge shi da babban yatsa. Ƙasar ta fita daga gefen, haruffa suka bayyana. E, L, I, Z.

Na daɗe a durƙushe ina kallonsu. Ni a kan cinyar Mama na fara koyon haruffa, tun kafin makaranta. Nakan jawo sarƙar daga cikin rigarta in sa a baki, ita kuma ta cire ta nuna mini da farce. "Ga naki nan," takan ce. "E, na Edie." Sunan Biktoriya ba ya farawa da E, wannan farkon sunan sarauniyar baya-bayan nan ne. Ban taɓa haɗa abin a kaina ba sai a wannan lokacin.

"Kawu, kai ni Cromer."

"Yanzu? Kan wannan?"

"Shi ne."

Ya buɗe baki zai yi musu, ya dubi fuskata, ya rufe. "Rufe raminki tukuna," ya ce.

Mama tana aiki a wani ƙaramin shagon sayar da ƙaguwa kusa da teku. Mun same ta a ciki ita kaɗai, tana fasa ƙafafun ƙaguwa tana cire naman da ƙaramar wuƙa.

"Edie? Lafiya? Jikin nasa ne?"

"Yana nan yadda yake."

"Dube ki, kamar an tono ki. Desmond, kai ka sa mini 'ya a cikin taɓo?"

"Ita ta sa kanta, Lorna. Ni direba ne kawai."

Na ajiye sisin a kan teburin, tsakanin ɓawon ƙaguwa. Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ba ta taɓa shi ba.

"A ina?"

"Bakin shinge. Ba zurfi."

"Na gaya mata ba shi ba ne," in ji Kawu Des daga bakin ƙofa. "Wannan ko azurfa ba..."

"Shi ne," Mama ta ce.

Ta juya ta buɗe famfo, ta yi ta wanke hannu, ta ba mu baya tana magana.

"Ina da cikinki na je wanka a bakin tekun nan, sarƙar ta tsinke. Na kakarsa ya tafi cikin yashi. Na ji tsoron gaya masa. Sai na shiga shagon tsofaffin kaya, akwai kwalba cike da sisi, na ɗauki ɗaya. Da filayarsa na lanƙwasa, da abin hudarsa na huda, a rumfarsa ta bayan gida. Na ce gobe zai gane, in yi kuka, ya yi faɗa, a wuce wurin."

"Da kin gaya masa ai da ya samo na ainihin a wuni ɗaya," in ji Kawu Des. "Yashi ne fa. Abin wasa."

"Na sani. Da farko tsoro ne. Daga baya jira nake in ga yaushe zai duba." Ta kashe famfon. "Shekara takwas yana wuyana, Desmond. Mutumin da ke jin azurfa tana ƙarƙashin ƙasa kamu guda."

Kawu Des ya zauna a kan akwatin kifi. "Ya kashe muryar," ya ce a hankali, kamar da kansa yake. "Ya saita sandar kada ta ji irin wannan. Lorna, kowace Lahadi a kansa yake tafiya."

"Na ɗauka zai tona duk abin da ya yi kuka," ta ce. "Ni ina na san ana kashe wata murya?"

"Ba ki gaya masa ba ko daga baya," na ce. Ba da faɗa na faɗa ba. Ban ji faɗa a raina ba.

"Ban gaya masa ba." Ta goge hannu da tawul, yatsa bayan yatsa. "Kuma ba shi ya samo ba. Ke kika samo."

"Da sandarsa ne. Shi ya aike ni. Gobe katafila za ta shiga."

Ta tsaya tana kallon sisin. Sannan ta rufe naman ƙaguwar ta sa a firji, ta ɗauko rigar sanyinta daga ƙusa, ta juya allon ƙofa.

A mota mu uku muka matsu a gaba. Ni ce a tsakiya, sisin a tafin hannuna, warin ƙaguwa ta hagu, warin jiƙaƙƙen kare da taba ta dama.

Rana ba ta gama faɗuwa ba muka isa. Maƙwabciyarmu na ganin wadda ke bayana ta ɗauki saƙarta ta fita ba ko sallama. Baba yana kujerarsa. Ya dubi Mama, ya dube ni. Na buɗe hannunsa na hagu na sa masa sisin.

Bai duba ba da farko. Babban yatsansa ne ya bi lanƙwasar, ya bi gefen, ya tsaya a hudar. Sannan ya ɗaga shi zuwa hasken taga. Ya daɗe.

"Ba... azurfa... ba," ya ce.

"Na sani, Clive," in ji Mama. Tana tsaye a tsakiyar ɗaki da rigar sanyinta a jiki, jaka a hannu. "Shi na jefa. Na kakarka ya ɓata tun kafin a haifi Edie. Wannan ne a wuyana duk shekarun nan, kana kwana kusa da shi."

Baba ya dubi wuyanta, inda ba komai yanzu. Sannan ya ɗaga ido ya dubi fuskarta, ya ci gaba da duba. Wani sauti ya fito masa. Da yake rabin fuskarsa ba ya motsi, ban iya gane dariya ce ko kuka ba. Wataƙila shi ma bai sani ba.

Ya miƙa hannun hagun, sisin a tsakanin yatsu biyu. Ba ni ya miƙa wa ba.

Tagar a buɗe take kaɗan, bayanta lambu ne da ciyawar da ba a yanka ba tun bazara. Na ga Mama ta dubi tagar. Kawu Des ma ya gani, ya daina juya hularsa.

Ta karɓa. Ta juya shi sau ɗaya, ta goge ragowar ƙasar da gefen rigarta, ta buɗe jaka ta sa shi a ƙaramin aljihun ciki, ta ja zif. Sannan ta cire rigar sanyin ta rataye a bayan kujera.

"Gidan nan kamar rumfar awaki," ta ce. "Ina kuka mayar da butar shayi?"

"In kin samu, sukari uku," in ji Kawu Des, yana goge hanci da hula. "Shi kuma wannan tsohon banzan kada ki sa masa ko ɗaya, bai cancanta ba."

Baba ya ɗaga masa yatsu biyu, idonsa na kan Mama.

Ni ina bakin ƙofar baya, aljihuna har yanzu cike da zoben gwangwani. Na dafe shi da hannu don kada ya yi ƙara. Na jingine sandar a lungunta, na ɗauki takalman ruwana a ɗaya hannun, na murɗa ƙofar a hankali zan fice. Mama na buɗe kabad ɗaya bayan ɗaya tana mita, ba wanda ya juyo.